Awakin da Suka Ci Fotash ɗin Inuwa

Inuwa na gidan marigayi Malam Hadi a Kademi mutum ne da ba a faɗa wa magana sau biyu. Sau ɗaya yake ji, a karo na biyu shi zai koya wa wanda ya faɗa masa. Ya taɓa kiwon zuma, ƙudan suka tashi suka bar masa amya, ya ce shi ya sallame su saboda lalaci. Ya taɓa gyara wa wani maƙwabcinsa injin ban ruwa, ya haɗa shi tsaf har da rarar ƙusoshi a hannu, ya ce kamfanin ne ya yi almubazzaranci. Mutanen gari ba su tsane shi ba. Gari yana buƙatar abin da za a tattauna bayan la'asar, Inuwa kuwa bai taɓa barinsu hannu rabbana ba ta wannan fannin.

A shekarar da ake magana, ofishin gona na Gaya ya nemi manoma su je Kano bita a kan noman alkama. Sunan yayansa Isyaku aka sa, amma ƙafar Isyaku ta kumbura, sai Inuwa ya ce zai taimaka. Ya tafi, ya dawo da hular hana-salla mai tambari da kalma guda ɗaya: fotash.

Yadda aka yi kuwa, bayan an ci shinkafar rana barci ya ɗauke shi, bai farka ba sai daidai lokacin da malamin bitar ya iso kan fotash. Malamin ya ce takin kamfa sinadari uku ne a buhu ɗaya, na ukun shi ne fotash. Shi ke ƙarfafa karan alkama kada ta kwanta, shi ke cika ƙwaya, shi ke sa shuka ta jure ƙishi. Ya ce manomanmu yuriya suka fi sani, su yi ta zubawa ganye ya yi kore shar, kara kuwa ba ƙwari. Ya ce mafi yawan fotash ɗin da alkama ta zuƙa a kara yake zama, don haka wanda yake kwashe kara yana kaiwa gida kowace shekara, ƙarfin gonarsa yake kwashewa a hankali. Abin da ya fita daga gona, a nemi hanyar da zai koma, ko ta taki, ko ta kashin dabbobi, ko ta toka. Duk wannan gaskiya ne. Kuskuren malamin ɗaya ne: bai ƙara da cewa a yi da hankali ba, don ya ɗauka wannan ba sai an faɗa ba.

A majalisa wani dattijo ya tambaya ko kanwa ake nufi. Inuwa ya yi masa murmushin tausayi, ya ce irin wannan tambayar ce ta hana ƙasar nan ci gaba.

To, gidan Malam Hadi suna da gona guda a fadama, mai rijiyar burtsatse da injinta, wadda ba a raba ba da aka raba gado, aka bar ta a hannun Isyaku. Ƙanwarsu Karimatu, mai sana'ar albasa, ta daɗe tana roƙon a ba ta ta sa 'yan ƙwadago su noma mata. Inuwa ya shiga gabanta. Ya yi ta zarya gidan Isyaku da hularsa, yana cewa zunubi ne a zuba albasa a ƙasar da Allah ya halitta domin alkama. Isyaku mutum ne mai ƙarancin magana, ga ƙafa tana damunsa. Ya tara su biyun a zaure ya yanke hukunci.

"Na ba ka rani ɗaya," in ji shi. "Idan alkama ta zo gida, ka ci gaba da gonar. Idan labari ne ya zo gida, Karimatu ta karɓa."

Inuwa ya ce a fara share rumbu. Karimatu ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa mai tafiya Legas a kan jaki addu'a.

Washegari ya hau babur ya tafi Gaya wajen Malama Zulfa, jami'ar gona, ya nemi a sa gonarsa cikin waɗanda za a kai baƙi su gani ranar manoma, gab da girbi. Ta yarda. Ta ba shi shawara ya zuba kamfa lokacin shuka, ya bi da yuriya daga baya, shi ke nan. Inuwa ya ce fotash ɗin kamfa ɗan haya ne, su uku a ɗaki ɗaya. Shi nasa zai zauna shi kaɗai, kuma daga toka zai samo shi. Malama Zulfa ta ce toka tana taimakawa, kaɗan-kaɗan. Kalmar farko ya ji.

Aka yi fangula, wato gadajen ban ruwa, aka yafa iri, aka ba da ruwa, sanyi ya sauka daidai. Alkama, da yake ita ba ta je bita ba, ta tsiro yadda ta saba.

Daga gida aka fara. Matarsa Larai ta fito da safe za ta wanke tukwane ta tarar da murhu a share kamar za a yi salla a ciki. Da ta buɗe randar da ta adana wakenta cikin toka don kada ƙwaro ya taɓa, ta tarar an tankaɗe tokar an bar waken tsirara, sai ta tare Inuwa. Ta tambaye shi ko ƙwarin ma sun je bita sun yi alkawarin ba za su zo ba. Ya ce idan alkama ta zo, alkaki da taliya za ta riƙa ci, ta manta da wake. Ta ce ta ji, amma kafin nan ƙwarin za su riga ta mantawa da shi.

Daga nan ya bi maƙwabta. Da farko ana ba shi, don toka ba abin rowa ba ce. Amma da ya fara yin sallama tun kafin wutar koko ta mutu, yana tsaye da kwano yana jiran itace ya gama ci, sai matan unguwa suka fara ɓoye tokarsu kamar ɗan kunnen zinariya. Mai shayi ya koma gas. Wata tsohuwa da take dafa ruwan toka na miya ta aiko masa cewa idan ya sake leƙa mata murhu, za ta ba shi mai zafi.

Mai zafin kuwa a Ajingi ya same ta. Ranar kasuwa ya je ya zagaye masu tsire da masu balangu, ya ce su ba shi tokarsu. Wani mai tsire ya ce ya bari ta huce, akwai garwashi a ƙasa. Inuwa ya ce fotash da zafinsa ya fi kama ƙasa, bincike ne ya nuna. Ya cika buhu, ya ɗaure a bayan babur, ya kama hanyar Kademi.

Bai yi nisa ba mutane suka fara ɗaga masa hannu. Masu keke suna ɗagawa, mata masu tallan nono suna ɗagawa, wani direban bas har ya leƙo ta taga yana nuna shi yana magana. Inuwa ya ji daɗi. Bai san labarin bitarsa ya kai har ƙasar Ajingi ba. Ya riƙa ɗaga musu hannu shi ma, wani lokacin da hannu biyu. Ya kuma lura cewa duk da sanyin da ake yi, bayansa yana ɗumi, ya ce a ransa lafiyar jiki ba ƙarya ba ce.

Kai tsaye gona ya wuce, ya sauke buhun ya jingina da shinge. Shingen karan dawa ne, Isyaku ya sa aka kewaye gonar da shi tun kaka, don kowa ya sani bayan an kwashe amfanin damina ana sakin dabbobi, mai noman rani shi zai kare kayansa. Inuwa yana cikin duba bayan rigarsa, wadda ta koma taga, sai shingen ya kama. Kafin maƙwabtan gona su iso da bokitai, wuta ta zagaye gonar ta dawo inda ta fara, ta mutu don kanta saboda ta gama aikinta.

Jama'a suka taru suna jajantawa. Inuwa ya dubi baƙin layin toka da ya kewaye alkamarsa, ya dubi jama'a, ya gyara hula.

"Jaje na mene ne?" in ji shi. "Ni na ƙona shi. Fotash ne yake tsaye yana zaman banza, na kwantar da shi ya yi aiki."

Wani ya ce to awaki fa. Ya ce akuya tana gane gonar ilimi. Da ya faɗi haka a gaban mutane, sake shinge ya haramta a gare shi, don sake shinge yana nufin wutar ba da izininsa ta tashi ba.

Akuyar da ta fara kasa gane gonar ilimi ita ce Kyalla, jar akuyar Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifinsu. Inuwa ya same ta a tsakiyar fangali tana aski. Ya kama ta. Al'adar garin a bayyane take: dabbar da aka kama tana ɓarna gidan mai unguwa ake kai ta, mai ita ya je ya ba da haƙuri ya karɓo. Inuwa ya ja ta suka kama hanya. Suna kan titi Kyalla ta ɗaga wutsiya ta zubar da abin da akuya take zubarwa.

Inuwa ya tsaya cak. Ya dubi ƙwayoyin nan suna gangarawa a kan hanyar gwamnati. Alkamarsa ce wannan. Fotash ɗinsa ne, wanda ya bi gida-gida, ya ƙona riga, ya rasa wake saboda shi. Idan ya kai ta gidan mai unguwa, a garken mai unguwa za ta sauke sauran, mutumin da ko bita bai je ba. Ya cire hular hana-salla ya tsince su tas, ya juya da akuyar. Ya kafa turke a cikin gonar ya ɗaure ta.

Da yamma Gwaggo Talatu ta iso da sandarta.

"Kai Inuwa, me akuyata take yi a ɗaure a nan?"

"Tana mayar da abin da ta ɗauka, Gwaggo."

"Yaushe za ta gama?"

"To, shi ne ɗan abin da ake dubawa. Kafin ta gama mayar da na safe, ta ci na rana."

Gwaggo ta ce tun yana cikin zanin goyo ta san kansa bai gama nuna ba, amma ba ta zaci har yanzu yana kan wuta ba. Ta wuce gidan Mai Unguwa Gaji ta kai ƙara.

Mai unguwa ya saurare su duka biyun. Ya ce tun da ya gaji mahaifinsa, mai gona ne yake zuwa yana kuka akuya ta shiga. Bai taɓa ganin mai akuya ta zo tana kuka an ɗaure mata akuya a cikin ɗanyar alkama ba. Sannan ya juya wajen Gwaggo, ya tambaye ta a hankali ko ta leƙa wajen masu harawa kwanan nan ta ji yadda take tsada. Ta yi ɗan tunani. Ta ce ita dai ta bar wa Allah, yaron ɗanta ne, ba za ta yi shari'a da shi ba. Inuwa ya fito yana gaya wa mutane cewa ya kayar da ita da hujja.

Da gari ya waye, sauran awakin Gwaggo duka suka tsinke. Abin mamaki, duk gonar Inuwa suka nufa.

Kafin mako ya zagayo, annobar tsinkewa ta game Kademi. Awakin mai shayi suka tsinke. Tumakin liman suka tsinke. Na tsohuwa mai ruwan toka suka tsinke. Inuwa yana kama su ba tare da gudu ba, don da yawa da igiyarsu a wuya suke zuwa, wata ma har da turkenta tana ja. Ya ce wannan alama ce ta cewa jama'a sun fara mutunta doka. Masu dabbobin sukan zo bakin gona su yi ɗan ƙorafi don kada a ce ba su yi ba, su ce Malam Inuwa a yi haƙuri a sakar mana, ya ce ba za ta yiwu ba, su ce to Allah ya huci zuciyarka, su tafi suna duban yadda cikin dabbarsu ya yi dam.

Akuya a turke da'ira take ci. Gonar ta cika da da'irori kamar kan da aka yi wa ƙaho. Inuwa ya ga kashin yana taruwa wuri ɗaya, wanda ya saɓa wa adalci, sai ya riƙa matsar da turaku kullum don fotash ya watsu daidai. Ya watsu daidai. Cin ma haka.

Ya kira Malama Zulfa a waya ya tambaye ta, a madadin wani abokinsa, ko alkama tana sake tohowa idan dabba ta ɗan taɓa ta. Ta ce idan tana ƙarama kuma sau ɗaya ne, takan toho. Ya kashe waya kafin ta gama, ya tayar da inji. Alkama ta toho, awaki suka ji daɗin sabon ganye. Ya sake ba da ruwa, ta sake tohowa. Kai su kogi su sha ba zai yiwu ba, don za su yi yoyo a hanya, saboda haka shi yake bi da bokiti yana shayar da su ɗaya bayan ɗaya. Larai ta ce masa a garinsu mai irin wannan aikin makiyayi ake kiransa, kuma ana ba shi ko hatsi ne. Ya ce ita matsalarta ba ta kallon nesa. Ta ce nesa ɗin ta kalla, ba ta hango alkaki ba.

Isyaku, da ƙafarsa ta yi sauƙi, ya dogara sanda ya zo. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Inuwa ya tarye shi da bayani: kada Yaya ya damu, ko ƙwayar fotash ɗaya ba ta bar gonar nan ba. Masauki kawai yake sauyawa. Daga ƙasa ya hau alkama, daga alkama ya shiga akuya, daga akuya ya koma ƙasa, haka yake ta zagayawa.

"A wane zagayen yake biyowa ta buhu?" in ji Isyaku.

Inuwa ya ce wannan yana cikin darasin bayan shinkafar rana, zai bincika.

A cikin haka Kyalla ta haifi 'yan biyu. Inuwa ya je wa Gwaggo da maganar cewa 'ya'yan nan da fotash ɗinsa aka gina su, ƙashi da tsoka, don haka akwai magana. Gwaggo ta ce ita uwa ta sani. Uban kuwa bunsurun mai unguwa ne, ya je can su yi lissafin gini. Sannan Barau mahauci, wanda yake kiwata wani bijimi, ya zo da shi riƙe da igiya ya ce ya tsinke. Inuwa ya tambaya yaya aka yi ya tsinke alhali igiyar tana hannunsa. Barau ya ce ai shi ya sa ya biyo shi. Bijimin ya miƙa wuya ya yagi alkama cikin baki guda, magana ta ƙare, doka ta hau kansa. Aka kafa masa turke babba.

Sanyi ya ja baya. Gonakin maƙwabta suka yi ciki, suka fitar da kai, suka fara ja kamar zinariya. Ranar manoma ta zo.

Motoci suka taso daga Gaya da Malama Zulfa a gaba, da manoma daga Balan da Ajingi. Aka duba gonaki biyu, aka murza zangarniya a tafin hannu, aka yi tambayoyi. Sannan aka nufo ta Inuwa, inda ya sa aka kafa rumfa, ya ɗauko hayar lasifika, ya sa riga mai baya.

Baƙin Ajingi da suka hango wurin sun ɗauka an buɗe sabuwar kara, kasuwar dabbobi. Wani dillali da ya biyo tawagar ya shiga taɓa gadon bayan ragon liman yana tambayar mai shi. Wani ya buɗe bakin bijimin Barau yana duba haƙora. Malama Zulfa ta sauko, ta dubi gabas ta dubi yamma, ta duba takardar hannunta don ta tabbata ba a ɓata hanya ba.

"Malam Inuwa, ina alkamar?"

"Ga ta nan tana tuƙa, Malama," in ji shi, yana nuna awakin.

Ya yi jawabi. Ya ce sauran manoma za su yanke alkamarsu su kwashe, ƙwaya ta tafi Kano, kara ya tafi garke, gona ta zauna tana kuka. Shi kuwa ya toshe duk wata ƙofa. Malama Zulfa ta durƙusa ta ɗebi ƙasa, baƙa wuluk, ta murza ta shinshina. Ta miƙe ta kakkaɓe hannu. Ta ce a gaskiya tun da ta fara aiki ba ta taɓa ganin gonar da ta yi asarar fotash kaɗan irin wannan ba. Babu abin da ya fita.

Inuwa ya fara tafi. Ya lura shi kaɗai ne, ya ci gaba duk da haka.

"Sai dai," in ji ta, "a yadda aka koya mana, ana yin noma ne don wani abu ya fita."

Aka yi dariya irin ta mutanen da suke ƙoƙarin kada su yi. Inuwa ya ce su dakata, bai gama ba. Ya ja su zuwa kusa da inji, inda ya kife wani babban kwando ya danne da dutse. A ƙarƙashinsa akwai tushe guda na alkama da ya killace tun farko don wannan ranar. Ya cire dutsen, ya ɗaga kwandon a hankali. Ga ta kuwa, zangarniya biyar ko shida, sun ɗan yi fari saboda rashin rana, amma a tsaye suke ƙyam. Ya ce a dubi kara, a dubi ƙwari, wannan shi ne aikin fotash, ko iskar bazara ba za ta kwantar da ita ba. Ya juya yana neman lasifika don na baya su ji.

Kyalla, wadda ta fi kowa daɗewa a gonar har ta san kullin Inuwa, ta zare wuyanta ta ratso ta tsakanin ƙafafun baƙi. Da ya juyo, zangarniya ta ƙarshe tana leƙe a gefen bakinta. Ba ta yi sauri ba. Ta tauna tana kallonsa.

Inuwa ya ɗaga lasifika zai yi magana, na'urar ta saki wata ƙara mai tsinin allura. Bijimin Barau, wanda ya yi ƙiba har ya manta yana da ƙarfi, ya tuna. Ya tumɓuke turkensa, igiyar ta harɗe ƙafar rumfa, rumfar ta bi shi. Awaki da tumaki suka ga rumfa tana gudu, suka yanke shawara baki ɗaya. Wannan karon tsinkewar gaskiya aka yi. Kowace dabba ta nufi gidan ubangijinta da cikinta fal, wasu gabas wasu yamma, baƙi suna tsalle suna kare manyan rigunansu.

Inuwa ya tsaya a tsakiyar gonar ya buɗe hannuwa kamar mai tare ruwa da tabarma, yana roƙon jama'a su tare masa ta can, fotash ɗinsa ne yake tafiya. Ya bi wata tunkiya, ya fasa ya bi bunsuru, ya fasa, santsin kashin bijimi ya kwashe shi ya zauna a cikin fangali. Babu wanda ya tare komai. Masu dabbobin suna gefe suna yi wa Allah godiya da ya kawo ƙarshen wannan zalunci, daidai lokacin da ciyawar ta ƙare.

Da ƙura ta lafa, Isyaku ya dogara sandarsa ya zo ya tsaya a kansa. Bai yi faɗa ba. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi makullin inji. Inuwa ya ce Yaya ya ji dai abin da Malama ta ce da bakinta, babu gona irin wannan a ƙasar Gaya. Isyaku ya ce ya ji, labari ne mai kyau, kuma ya zo gida. Ya juya ya miƙa wa Karimatu makullin.

Rani na gaba Karimatu ta sa aka yi shinge na ƙaya, wanda ba ya ci da wuri, aka dasa albasa. Ƙasar da ta sha tokar rabin gari da kashin dabbobin gari duka ta yi abin da ake zato. Albasa ta yi kai kamar ƙwarya. Motoci suka zo har bakin fadama suna lodi. Inuwa yakan tsaya daga wajen shinge yana kallon buhuna suna fita, yana girgiza kai, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa gonar zubar da jini take yi, ba mai gani sai shi.

Karimatu ba ta da riƙo. Ta aiko wa gidan Yaya Inuwa kwando guda cike. Larai ta yanka ta yi miya, ta kawo masa da tuwo. Ya ci, ya ƙara, ya ce ta ji zaƙin nan ko? Wannan ba aikin Karimatu ba ne, fotash ɗinsa ne, daga gonar nan ya fito ya shigo cikin kwanon nan.

Larai ta ce haka ne. Ta bari ya suɗe hannu, sannan ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da igiya da turke ta ajiye a gabansa.

"Ka tafi gonar da kanka, Malam," in ji ta, "ko sai na raka ka?"